Tatsuniyar Farsifoni A Idon Manomin Gumel

Yunanawan dā, watau mutanen ƙasar Girka, suna da tatsuniyar wata abar bautarsu mai suna Farsifoni. Littattafan Turawa kan ce ita ce ma'abuciyar lokacin furanni, kuma sarauniyar ƙasar matattu. Wannan bayani bai ƙosar ba. A ganina manomin gero na Gagarawa ko Sule Tankarkar ya fi ɗan makarantar Ingila kusa da gane abin da labarin ke nufi.

Mafi tsufan cikakken labarin yana cikin wata waƙa mai layi 495, wadda aka tsara wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa. Ta ɓace zamani mai tsawo, sai a 1777 aka tsinci kwafenta a birnin Mosko. Ga yadda ta kawo shi. Farsifoni 'yar Dimita ce, uwar hatsi. Ubanta Ziyus ya ba da ita ga ƙanen nan nasa, ko wansa, Hedis sarkin ƙasar matattu, ba tare da ya shawarci uwar ba. Ran nan tana tsinkar furanni sai ƙasa ta tsage, Hedis ya fito da keken dawaki ya sure ta. Dimita ta kwana 9 tana cigiya, ba ci ba sha. Da ta ji gaskiyar magana sai ta yi fushi, ta hana iri tsira. Aka yi huɗa, aka yi shuka, ko tsinke bai fito ba. Tilas Ziyus ya aika a komo da yarinya. Amma kafin ta taso Hedis ya ba ta ƙwayar rumman ta ci, saboda haka aka yanke za ta riƙa yin sulusin shekara wurin miji, sauran wurin uwa.

To, wane sulusi ne wannan? Bature ya ce lokacin sanyi ne, don a ƙasarsa sa'an nan itatuwa ke kaɗe ganye. Amma noman Girka ba haka yake ba. Can ana shuka alkama da sha'ir a Oktoba da Nuwamba, su yi girma cikin sanyi da ruwan sama, a girbe a Mayu ko Yuni. Daga nan sai wata 4 na rana da ƙura, gonaki su zama fako. Wani malamin ƙasar Suwidin, Martin Nilsson, ya kawo wannan hujja cikin littafinsa na 1940. Ya ce Farsifoni irin shuka ce, wadda ake ɓoyewa cikin ramuka da tuluna a ƙasa har lokacin shuka ya kewayo. Ya ƙara da cewa babban bikinta a garin Ilusis, kamar kilomita 20 daga Atina, ana yinsa ne wajen Satumba, gab da shuka.

Maganar ta shige ni, amma tana da rauni guda wanda bai kamata a ɓoye ba. Ita waƙar da kanta ta faɗi cewa yarinyar na komowa ne sa'ad da ƙasa ta cika da furanni bayan sanyi. Watakila mawaƙin ya bi abin da ya fi daɗin ji, manoma kuwa suka riƙe nasu lissafi. Obid, mawaƙin Rum wanda ya sake tsara labarin wajen shekara ta 8 bayan haihuwar Annabi Isa, shi raba shekarar ya yi biyu daidai, wata 6 nan wata 6 can. Nasa ya fi ado, amma da gani mutumin birni ne wanda bai taɓa tsayawa bakin rumbu yana lissafin dami ba.

Mu dai mun san wannan lissafi. Kowa a ƙasar Gumel ya san binne: a tona busasshiyar ƙasa cikin bazara, a zuba gero, a rufe, a zauna jiran hadari. Kalma guda ce muke yi wa gawa da iri. Wanda ya yi binne ya ɗebi abin da 'ya'yansa za su ci yau ya miƙa wa ƙasa, bai kuwa sani ba ko ruwa zai zo ya tsirar da shi, ko ɗan yayyafi ne zai ruɓar da shi. Shi ya sa sarauniyar matattu da budurwar hatsi suka zama mace guda. Sai dai da a nan aka tsara waƙar, da an juya rabon, gama daminarmu ce wata 4, daga Yuni zuwa Satumba, sauran 8 kuwa yarinya na ɗakin miji.

Har tsoron sunanta ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Yunanawa ba su cika kiranta kai tsaye ba, sai su ce Kore, watau Budurwa. Haka Maguzawan ƙasar Kano suke sakaya sunan tasu, su ce Inna, ko Doguwa. Ita suke roƙo ta tsare amfanin gona, ita kuma suke cewa tana shanye hannu ko ƙafa, har sunan cutar shan inna ya samo asali daga nan.

Inda mawaƙin ya fi gwaninta, a ganina, wurin yunwar ne. Bai yi wa Ziyus kwalliya ba ko kaɗan. Kukan uwa bai motsa shi ba, kukan yarinya ma haka. Abin da ya tashe shi tsaye shi ne in mutane suka ƙare ba sauran mai kawo masa yanka. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984, sa'ad da gero ya bushe a tsaye, aka kora shanu kasuwar Maigatari ana sayarwa da arha don a sami kwanon hatsi, ba za su bukaci kowa ya fassara musu wannan yanki na waƙar ba.