Takubba Biyar a Hannu, Biyu a Ƙasa

Akwai wani ra'ayi da ya yi ƙarfi a tsakanin masu sha'awar kartar tarot, musamman a Faransa, cewa ɗan koyo kada ya kuskura ya fara da kartar da aka zana wa mutane a ƙananan katunanta. Wai ya nemi tsohuwar kartar Marseille, inda katin takubba biyar ba shi da komai sai takubba biyar da 'yan furanni, babu mutum, babu gari, babu hadari. Hujjarsu ita ce hoto yana ɗaure tunani: da zarar an nuna wa mutum wani kwance rub-da-ciki da takubba goma a gadon baya, shi ke nan, har abada gawa zai riƙa gani. Mafi shahara cikin masu fifita Marseille shi ne Alejandro Jodorowsky, mai shirya fim haifaffen Chile, wanda shi da Philippe Camoin suka sake fitar da ita a 1997. A ganina sun yi kure, kuma abin da ya ja musu shi ne ba su tsaya sun kalli aikin mai zane Pamela Colman Smith da idon basira ba.

Ba maganar duba nake yi ba. Gaibu sai Allah, kwali mai fenti bai san abin da gobe za ta haifa ba, tarihin kartar ma shaida ne. Karta ta shiga Turai wajen shekarun 1370 daga Masar ta zamanin Mamluk, da danginta huɗu: kofuna, sulalla, takubba da sandunan folo. Wajen 1440 fadodin Milan da Ferrara a arewacin Italiya suka ƙara mata wasu katuna masu hotuna, waɗanda daga baya adadinsu ya tsaya a 22, jimilla ta zama 78. Wasa ake yi da ita, kuma har gobe Faransawa suna bugawa. Sai a 1781 Antoine Court de Gébelin ya tashi ya ce littafin sirri ne na tsoffin Misirawa, ba tare da ko ƙwayar hujja ba, masu duba kuwa suka rungume zancen. Michael Dummett ya warware wannan tatsuniya a littafinsa na 1980.

A duk tsawon wannan zamani, katuna 40 masu lamba, daga ɗaya zuwa goma a kowane dangi, ƙirga ne zalla. Wadda ta fita zakka ita ce kartar Sola Busca ta wajen 1491, da aka zana wa hotuna har ƙasa. Hotunanta sun isa British Museum a 1907, bayan shekara biyu kuma Arthur Edward Waite ya ba Smith aikin zana sabuwar karta, kamfanin Rider ya buga ta a Landan a 1909. Hankalin Waite yana kan manyan katuna 22. Ƙananan kuwa, a nan ne hannun Smith ya sake.

Dabararta da na fi so, wadda kuma ban ga masu sukar suna ambata ba, ita ce raba adadi. Ba ta jera abubuwa bakwai a wuri ɗaya. Takan kasa su biyu, labarin kuma a cikin kason yake. Ɗauki takubba bakwai. Wani mutum da jar hula yana sanɗa a kan 'yan yatsun ƙafa, yana barin sansani mai tantuna, ya rungumo takubba biyar, ta wajen kaifin ma ya riƙe su. Biyu suna nan kafe a ƙasa a bayansa, shi kuma ya waiwayo yana murmushi. Me ya hana shi kwashe bakwai ɗin duka? Ko hannunsa ne ya cika, ko motsi ya ji, ko da gangan ya bar su. Ɓarawo ne, ko kuwa kayansa ne da aka ƙwace ya zo ya ɗauke? Sansanin na abokan gaba ne ko na 'yan'uwansa? Katin bai faɗa ba. Da a ce duka bakwai suna hannunsa, da hoton ɓarawo ne kawai, an gama magana. Takubban nan biyu da ya bari su ne suka hana zancen rufewa.

Haka kofuna biyar. Wani cikin baƙin mayafi ya sunkuyar da kai yana kallon kofuna uku da suka kife, abin cikinsu ya zube. Biyu suna tsaye a bayansa, bai gan su ba, mai kallo ne ya gan su. Ke nan mai riƙe da katin ya fi mutumin cikin katin sanin halin da yake ciki, irin abin da ke sa 'yan kallo a gidan wasa su riƙa yi wa jarumi ihu ya waiwaya. Can nesa ga kogi, ga gada, ga gini a ƙetare. A kofuna huɗu, saurayi ne zaune gindin bishiya ya harɗe hannu, uku a gabansa, na huɗu wani hannu ne daga gajimare yake miƙo masa, ko kallo bai ishe shi ba. A kofuna takwas an jera biyar a ƙasa, uku a sama, an bar giɓi a jerin na sama, mai su kuma ya ɗauki sanda ya nufi duwatsu da dare. Ido yana faɗawa kan giɓin nan kafin ya ga tafiyar mutumin, sai tafiyar ta sami dalili. Sulalla biyar ma rabo ne, sai dai na zalunci: duka biyar suna cikin tagar gilashi mai haske, mabarata biyu da ke wucewa cikin ƙanƙara, ɗaya a kan sandunan guragu, ko ɗaya babu a hannunsu.

Ta haɗa wannan da ɓoye fuska. Mai kofuna biyar ya kau da kai, mai kofuna takwas ya ba mu baya. A takubba shida, mai fito yana tura kwalekwale da gora, ga wani a lulluɓe da yaro a gefensa, duka ukun ƙeyarsu muke gani. Ruwan gefe ɗaya yana tashi, na ɗaya gefen lumui. Gudun hijira ne, ko rakiyar gawa, ko mace ce ta yi yaji ta ɗauki ɗanta? Fuska ɗaya da aka nuna, mai kuka ko mai dariya, da ta yanke hukunci. Ina ɗaure tunanin yake a nan?

Inda masu sukar suke da 'yar gaskiya shi ne katunan da Smith ta bar dabararta. Takubba uku zuciya ce da aka soke cikin ruwan sama, kuma daga Sola Busca ta aro ta. Takubba goma duka a bayan mutum ɗaya suke, ba a kasa ba, saboda haka ba abin da ya rage sai ɗan hasken da ke ɓullowa ƙarƙashin baƙin sama. Waɗannan biyu su ne kullum ake kafa hujja da su, alhali su ne mafi rauni cikin arba'in ɗin.

Za a ce ai Italo Calvino ya ƙaga labarai da kartar Visconti da ta Marseille a littafinsa da ya fito a 1973, babu hoton mutum ko ɗaya a ƙananan katunan. Gaskiya ne, amma shi Calvino ne. Ɗan koyo da aka miƙa wa sanduna tara a sarƙe ba labari zai ƙaga ba, ɗan littafin cikin kwalin zai buɗe ya hau hadda, 'yancin da aka yi masa alkawari ya ƙare a haddar abin da wani ya rubuta. Kartar Thoth ta Aleister Crowley da Frieda Harris kuwa, duk da kyawun fentinta, ta fi kowace ɗaure mutum, domin an rubuta wa kusan kowane ƙaramin kati kalmar ma'anarsa a ƙasa. Hatta littafin da Waite ya rubuta don raka kartarsa, ma'anonin da ya tattaro daga tsoffin masu duba suna yawan karo da juna, wani lokaci har da hoton.

Yau kasuwa cike take da kartoci masu bin tsarin Smith, na kyanwoyi, na aljanu, na taurarin fim. Mai saye kada bangon kwali ko manyan katuna su ruɗe shi, kowane mai zane yana zuba ƙarfinsa a can. Ya zaro biyar-biyar da bakwai-bakwai na dangi huɗun ya shimfiɗa. In kyakkyawar mace ce tsaye an watsa kofuna biyar kewaye da kanta kamar ado, wannan Marseille ce da kwalliya, a mayar da ita. In an kasa adadin, kuma wani a cikin hoton yana tsakiyar aikata wani abu da bai gama ba, to ta yi.

Abin da ya sa Smith ta iya wannan, a nawa fahimtar, ba ƙungiyar asiri ta Golden Dawn da ita da Waite suka shiga ba ce. Sana'o'inta biyu ne. Ta yi aiki da 'yan wasan kwaikwayo na gidan Lyceum a Landan, tare da Ellen Terry da Henry Irving, kuma ana ganin haka ƙarara a katuna kamar takubba biyu da sulalla huɗu, inda wani miƙaƙƙen layi ya raba daɓen da mutum yake kai da shimfiɗar bayansa, tamkar dandamali da labule. Na biyu, ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a Jamaika, a 1899 kuma ta buga Annancy Stories, tatsuniyoyin Anansi, gizo-gizon nan mai wayo da bayi suka tafi da labarinsa daga ƙasar Akan ta Ghana, ɗan'uwan Gizonmu a hali. Takan zauna a gaban jama'a a Landan ta ba da su da baki. Mai irin wannan sana'a ya san a inda ake dakatar da labari don masu sauraro su matso. Duk sa'ad da na kalli mai jar hular nan yana sanɗa yana waiwaye da murmushi, Gizo nake gani ya fito daga gidan sarki, kuma ban yarda haɗuwa ce kawai ba. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a ajiye kartar a kantar littattafan sihiri. Wurinta yana kusa da littattafan tatsuniya masu hotuna, kuma sunan Smith ya kamata ya zo farko a kwalin, maimakon na kamfanin da ya buga, wanda aka shafe shekaru da dama ana sayar da ita da shi ba tare da nata ba. Smith ta rasu a Bude da ke Cornwall a 1951 da bashi a kanta.