Na'ura Ko Aljani? Nazari Kan Littafin Noor

Ƙagaggen labarin kimiyya ba baƙo ba ne a adabin Hausa, ko da yake bai yi 'ya'ya da yawa ba. Tun a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a duniyar wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba suka yi yawon sararin samaniya. A yau abin da ke cin kasuwa a wannan fanni shi ne ƙirƙirarriyar basira, wato kwamfutar da ke koyo har ta yanke shawara. Cikin littattafan da suka taɓo batun, wanda ya fi kusa da ƙofar gidanmu shi ne Noor na Nnedi Okorafor, 'yar asalin Nijeriya haifaffiyar Amurka. Ya fito da Turanci a 2021, kuma yawancin labarin a Arewa yake gudana.

Tauraruwar littafin ita ce Anwuli Okwudili, wadda ake kira AO, bakanikiya a Abuja. An haife ta da naƙasa, haɗarin mota ya ƙara mata wata, aka sa mata gaɓoɓin ƙarfe da na'ura a ƙwaƙwalwa. Wata rana maza suka far mata a kasuwa, ta kashe wasu, ta gudu Arewa. Can ta haɗu da wani makiyayi Bafulatani mai suna DNA, wanda shi ma ake farauta bayan an laƙaba masa ta'addanci. A bayansu akwai hamshaƙin kamfanin Ultimate Corp, mai tatsar lantarki daga wata guguwar rairayi da ba ta lafawa.

Ƙarfin littafin na farko shi ne ya san inda ciwon yake. Bai ɓata lokaci wajen tsoratar da mu da mutum-mutumin da zai yi wa bil'adama tawaye ba. Tambayarsa ita ce: na'urar ta wace ce, kuma wa ke cin ribarta? Hoton bidiyo guda, an yanke farkonsa, ya isa ya mai da mai kare kansa ɗan ta'adda a idon duniya. Duk mai riƙe da waya a Jega ko Maiyama ya ga yadda irin wannan hoto ke yawo a WhatsApp kafin gaskiya ta iso.

Na biyu, ya ba naƙasasshiya matsayin jaruma, ya kuma tayar da tambaya mai nauyi game da jiki. Mutanen Aliero, garin da aka sani da masu ɗori, za su fi kowa jin wannan. Mai ɗori yana laluben karaya da yatsa, ya ja ƙashi ya koma mazauninsa, ya jera kara ya ɗaure, sannan ya bar jiki ya yi nasa aikin. AO kuwa kamfani ne ya ƙera ƙafafunta. Wanda ya ƙera ƙafar, yana da iko da mai takawa?

Raunin littafin yana farawa ne daga lokacin da AO ta gano tana iya sarrafa na'urori da jirage marasa matuƙi da tunaninta kawai. Daga nan kimiyya ta ja da baya, hatsabibanci ya karɓi fage. Duk wanda ya zauna a maƙera, a Jiga ko a Jega, ya san ƙarfe yana da ƙa'ida: in bai yi ja ba ba ya jin masaba, in ya daɗe a wuta ana ta zuga sai ya ƙone. Haka ya kamata na'urar labari ta kasance. Isaac Asimov ya gane wannan a littafinsa I, Robot na 1950, inda ya ɗaure mutum-mutuminsa da dokoki 3, rikicin kowane labari kuma ya fito daga cin karon dokokin. Na'urar da ba ta da iyaka aljanin tatsuniya ce aka sa wa rigar ƙarfe, kuma ko Kolin Koliyo bai tsira sarai daga wannan zargi ba.

Rauni na biyu ya shafi yadda aka zana Arewa. Akwai hamada, akwai guguwa, akwai makiyayi, amma manomi bai samu bakin magana sosai ba. Babu fadama, babu mai noman albasa da ke lissafin kuɗin mai na injin ban-ruwa, alhali rikicin manomi da makiyayi ba ya fahimtuwa daga ɓangare ɗaya.

Wannan giɓi na marubutan gida ne su cike. Tun 2006 akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, ɗalibanta kuma sun san kwamfuta, sun san rumbun albasa. Labarin manhajar da ke yanke farashin buhu tun kafin dillali ya buɗe baki, da abin da za ta yi wa amana da bashi da ciniki, su ne suka fi cancantar rubuta shi, da Hausa, tare da bayyana abin da manhajar ba za ta iya ba.