Numfashi ɗaya, murya ɗaya: gwanintar mawaƙan opera

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita ranar bikin Gani a Nikki ko a Jugu ya ga abin mamaki. Kumatunsa sun kumbura kamar salka, jijiyoyin wuya sun miƙe, busa tana fita ba ta yankewa har mahaya su wuce. Sirrinsa yana cikin kumatun nan: yana tara iska a baki, yana matsa ta cikin algaita, a daidai lokacin yana shaƙar sabuwa ta hanci. Kunnen da ya tashi da wannan busa da amon kakakin sarakunan Borgu ya riga ya san darajar numfashi. Shi ya sa nake ganin mu mutanen Faraku da Jugu ba baƙi ba ne a wurin waƙar opera ta Italiya, ko da ba mu jin ko kalma ɗaya ta yaren.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi daga farko har ƙarshe. A babban ɗakin La Scala na birnin Milan, wanda aka buɗe a 1778, mutum kusan 2,000 ne ke zama. Tsakanin mawaƙi da su akwai makaɗa da mabusa sama da 70, kowa da kayansa. Babu makirifo, babu lasifika. Kuma mawaƙi ba shi da dabarar mai algaita, domin iskar da ke motsa maƙogwaro daga huhu take fitowa kai tsaye. Abin da ya shaƙa sau ɗaya, da shi zai kai baiti ƙarshe.

To yaya yake yi? Na farko shi ne abin da Italiyawa suke kira appoggio, wato jingina. Mawaƙi yana shaƙar iska har haƙarƙarinsa su buɗe ta gefe da baya, sai ya hana su rufewa da sauri. Iskar tana fita kaɗan-kaɗan, kamar yadda mai awo ke tsiyayar da man gyaɗa cikin kwalba ba ɗigon da ya zuba ƙasa. Wanda bai iya ba yana ture iskar da ƙarfi, murya ta dushe kafin a je ko'ina. Na biyu shi ne amo. Gwani yana sassauta maƙoshi ya saukar da maƙogwaro, sai muryar ta sami wani kaifi da ke tashi sama da inda kayan kiɗa suka fi ƙarfi. Wani masani ɗan Sweden, Johan Sundberg, ya auna wannan kaifi a shekarun 1970, ya same shi wajen girgiza 3,000 a daƙiƙa. Sanƙira mai kirari a fada, wanda ake jinsa ta cikin tambura da ihun jama'a, ya san wannan hanya da jikinsa tun kafin a auna ta.

Faifan da na fi so a fara da shi na Enrico Caruso ne. A watan Afrilu na 1902 aka ɗauki waƙoƙinsa 10 a wani ɗakin otal a Milan. Lokacin babu ɗaukar sauti da lantarki, sai a 1925 aka fara, shi kuwa ya rasu a 1921. Gaban wani babban mazurari yake tsayawa ya yi waƙa, ƙarfin muryarsa kaɗai ke girgiza allurar da ke zana layi a kan kaki. Faifan yana da ƙara kamar ana suyar gyaɗa, amma ka saurari yadda muryar ke ratsowa ta ciki, cikakkiya, da ɗumi. Haka nake ji idan na saurari tsofaffin ɗaukar Narambaɗa: na'urar ta gaza, makaɗin bai gaza ba.

Sai opera Tosca ta Puccini, wadda aka ɗauka a La Scala a watan Agusta na 1953, da Maria Callas da Tito Gobbi da Giuseppe Di Stefano, Victor de Sabata yana jagorantar makaɗa. A nan ne na gane cewa numfashi ma magana ne. A babi na biyu azzalumin shugaban 'yan sanda ya ritsa da Tosca, wadda Callas ta fito a matsayinta: ko ta ba da kanta, ko a kashe masoyinta. Callas ta ɗauko kukan zuciyarta da siririyar murya kamar zare, ta kumbura ta a hankali har ta cika ɗaki, sannan ta janye ta, ba karkarwa. Can gaba kaɗan, bayan ta daɓa masa wuƙa, sai muryar ta koma ƙasa, busasshiya, kamar ba mace ɗaya ba. Akwai mawaƙa da suka fi ta zaƙin murya, wannan ba gardama. Ban dai ji wadda ta fi ta sanin abin da za ta yi da kowace shaƙa ba.

Na uku kuwa da yawanmu mun ji shi ba mu san sunansa ba. Shekarar 1990, da Kamaru ta doke Ajantina da ci ɗaya a Milan, waƙar da ta cika gasar cin kofin duniya ita ce Nessun dorma daga bakin Luciano Pavarotti. Ɗaukar da BBC ta yi amfani da ita ta fito ne daga cikakkiyar ɗaukar opera Turandot ta 1972, ƙarƙashin Zubin Mehta. Kowa yana jiran dogon sautin ƙarshe. Ni na fi son farkon, inda yake tafiya a natse, kowane harafi ya fito fes, bai ɓarnatar da iska ko kaɗan ba.

Ba sai ka je Milan ba. Duka ukun suna YouTube, wayar da ke aljihunka ta isa. Ka bari sai bayan lisha, lokacin da hayaniyar kasuwar Arzeke ta lafa, ka sa abin ji a kunne, ka gwada riƙe numfashinka tare da Callas a babi na biyu, ka ga inda za ka tsaya.