Mashanyar Ƙwaryar Nono: Aikin da Ake Yi Bayan An Juye

Wanda ya shiga rugar Fulani da hantsi, a Ladduga ta ƙasar Kachiya ne ko a kwarin Dallol Boso na Nijar, ba shanu zai fara gani ba, domin sun riga sun fita kiwo. Abin da zai tarar a gefen bukka shi ne ƙore a kife bisa wani ɗan gado na itace, ruwan wanki yana ɗiga daga bakinsu. Masu shan fura sukan yaba hannun mai dama, wasu su yaba saniya da makiyaya. Da wuya a ji mai yabon wannan mashanya, alhali rabin ingancin nonon gobe a kanta ake yanke shi, a sa'o'in da ƙwarya take fanko.

Sai an san yadda madara take zama nono kafin a gane dalili. Mace takan tace madarar da aka tatso, in kindirmo take so ta tafasa ta ta bar ta ta huce, ta zuba a ƙwarya, ta ɗiga ɗan tsohon nono a ciki, ta rufe da faifai ta ajiye ta kwana. Cikin daren nan wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, irin su Lactobacillus da Lactococcus, suna cinye sukarin madarar suna mayar da shi tsami. A ma'aunin tsami na pH sabuwar madara tana wajen 6.6, idan ta sauko kusa da 4.6 sai ta kama ta yi kauri. Ƙwarya kuwa ɗiyar duma ce, cikinta cike yake da ƙananan ƙofofi. Ƙwayoyin tsamin nan suna maƙalewa a cikinsu, shi ya sa tsohuwar ƙwarya ta fi sabuwa saurin kama nono, kuma shi ya sa mace ba ta yarda a ɗauki ƙwaryar nononta a jiƙa gero ko a zuba miya. Amma ƙofofin da suke riƙe iri su ne kuma suke riƙe ruwa da maiƙo. Ƙwaryar da aka wanke aka jibga ta cikin 'yar'uwarta da danshi, kafin kwana biyu ta fara fumfuna, ta ɗau wari, nonon da aka zuba mata ya fito da ɗaci ko ya tsinke ya yi ruwa.

Wanki kaɗai ba ya magance wannan. Iska da rana ne suke ƙarasa aikin.

Ginin mashanyar ba shi da wuya, amma kowane sashe nasa yana da hujja. Ana kafa gwafa huɗu, a gitta sanduna biyu masu kauri a kansu, sannan a jera kara ko tsagin gora ko siraran rassa a ɗaure da igiyar rama ko kaba. Masu lura sukan zaɓi itacen da gara ba ta saurin ci, kamar ƙirya ko azarar giginya, wasu kuma su babbake gindin gwafar kafin su binne. Tsayin yakan kai ƙugu ko ƙirjin mace: ƙasa da haka akuya za ta lasa, kaza ta hau, feshin ruwan sama ya watso laka, sama da haka mai aikin ba za ta ga cikin kayanta ba. Muhimmin abu shi ne tazarar da ake bari tsakanin karan. Ƙwaryar da aka kife a kan tabarma ko daɓe ta rufe kanta da kanta, tururin cikinta ba shi da mafita, sai ya koma ya zauna a jikinta. A kan kara mai tazara kuwa ruwa yana tsiyayewa ƙasa, iska tana shiga ta baki. Gyandamar da ake kaɗa nono a fitar da man shanu ta fi kowace wahalar bushewa saboda ƙuncin wuyanta, don haka akan soka ta a kan tsinin sanda, bakinta yana kallon ƙasa.

Akwai kuma iyaka da ƙwararru suka sani. Rana tana busarwa, tana kuma fasa ƙwarya, musamman a hunturu da bazara. Da ta bushe sai a kwashe ta a kai inuwa, a rataye a ragaya ko a jera a kanta cikin ɗaki. Wadda ta manta da kayanta a rana har la'asar, ita ce mai neman gyartai ranar kasuwa, kuma ɗinkakkiyar ƙwarya ba ta sake komawa ta nono yadda take, domin layin ɗinkin matattarar datti ne.

Fulani ba su ɗauki ma'ajiyar ƙore a matsayin tarkace ba. A littafin Koumen, wanda Amadou Hampâté Bâ da Germaine Dieterlen suka fitar a 1961 kan tsofaffin al'adun makiyaya, an ba kaggu, wato kantar saƙaƙƙun rassa da ake ɗora ƙoren madara, matsayi mai girma a cikin gida, kuma mace ce mai kula da ita. Woɗaɓe na Nijar suna da saga, teburin sanduna da mace take jera ƙorenta a kai, tana baje mafi kyawunsu a lokacin taron dangi. Masu bincike sun rubuta littattafai sukutum kan zanen ƙwarya a arewa maso gabashin Nijeriya: na T. J. H. Chappel ya fito a 1977, na Marla Berns da Barbara Hudson a 1986. An kula da adon bayan ƙwarya sosai. Yadda ake tsare cikinta ya cancanci irin wannan kulawar, domin a nan lafiyar mai sha take.

Matsalar busar da mazubi ba ta tsaya ga makiyayan Afirka ta Yamma ba. 'Yan Kalenjin na Kenya, masu yin nonon mursik, suna busar da gorarsu su goge cikinta da garwashin itace kafin su zuba madara. A Habasha ana turara mazubin nonon ergo da hayaƙin itacen zaitun na daji. A Amurka, masu dafa giya a gida suna fama da manyan kwalabe masu cin lita 19 da ƙuntataccen baki, kuma mafitar da suka samu ita ce katako mai huda ko firam na bututun roba da zai riƙe kwalbar a kife ba tare da bakinta ya taɓa ƙasa ba. Abin da ake tsimawa ya bambanta, ƙa'idar busar da mazubi ɗaya ce.

Inda abin ya fara lalacewa a kasuwanninmu shi ne shigowar roba. Ba laifin mata ba ne: bokitin roba ba ya fashewa a kan babur, yana da murfi, ya fi ƙwarya araha. Sai dai an ɗauko robar an bar tarbiyyar da ke tare da ƙwarya. Ana ganin roba tana sheƙi sai a ɗauka ta bushe, a ɗauraye a mayar da murfi nan take, a cusa wannan cikin wancan. Soson ƙarfe yana kankare jikinta, maiƙo yana shiga cikin kartar. Jarka ta fi muni, domin hannu ba ya shiga cikinta, kuma akwai lungun marikinta da ruwa ba ya fita. Wasu bokitan ma na fenti ne tun asali, ba a yi su don abinci ba. Cibiyoyin tara madara, irin na Hamdallaye da Kollo da suke kai wa kamfanonin Yamai, sun fi son gwangwanayen alminiyam ko baƙin ƙarfe marar tsatsa masu faɗin baki, amma su ma waɗannan sai an kife su a kan abin da iska za ta ratsa, in ba haka ba madarar safe ta lalace kafin ta isa ma'auni.

Ita ma tsohuwar mashanyar tana da gibi da ya kamata a faɗa. Ba ta hana ƙuda, ba ta hana ƙurar hunturu, kuma ƙwaryar da aka wanke da ruwan kududdufin da shanu suke shiga ba ta tsarkaka don ta sha rana. Ba ta kashe cututtukan da suke cikin madarar kanta, kamar bakkale da tarin fuka na shanu. Waɗannan sai wuta, ko dai tafasawa ko a riƙe madara a zafin digiri 63 na minti 30. Gyaran da take bukata kaɗan ne: a nesanta ta da turken shanu da juji, a haƙa ɗan rami a ƙarƙashinta a cika da tsakuwa don ruwa ya nutse, a ɗan karkata saman don ya tsiyaye, a yi ɗauraya ta ƙarshe da ruwan zafi, a rufa yadi mai shara-shara bayan kayan sun tsane. Kada a yi amfani da gidan sauro wajen rufin, domin wanda ake rabawa a asibiti jiƙe yake da maganin ƙwari.

Ƙungiyoyin mata masu nono da hukumomin da suke raba musu gwangwanaye su sanya mashanya cikin abin da suke koyarwa da dubawa, su kuma nemi tsofaffin matan ruga su nuna yadda ake kafa ta. Maigidan da matarsa take sayar da nono, a birni yake ko a ƙauye, ya samo gwafa huɗu da damin kara ya kafa mata kafin damina ta sauka, domin a lokacin ne danshi ya fi ɓata mata kaya.