Wa ke raɗa wa hauka suna? Karatun Hamlet daga ƙasar Kurfai

1. Gabatarwa

Wasan kwaikwayon Hamlet, wanda William Shakespeare ya rubuta wajajen 1600, an fi nazarinsa ta fuskar yarima da jinkirinsa wajen ɗaukar fansar ubansa. Wannan ƴar maƙala za ta dubi Poloniyus, babban bafaden sarkin Danmak, da ɗiyarsa Ofeliya. Ra'ayinmu shi ne, mai iko ne ke raɗa wa hauka suna, kuma sunan da ya raɗa yakan rufe nasa laifin. Za mu gwada wannan ra'ayi da abin da ya auku a ƙasar Kurfai, yankin Filinge, a 1925.

2. Uba ya hana, uba ya fassara

A kashi na 1, fitowa ta 3, Poloniyus ya hana ɗiyarsa sauraren Hamlet, bisa hujjar cewa zancen yarima yaudara ce. Ta bi umarni. Da Hamlet ya fara haukan ƙarya, sai dattijon ya yanke cewa ciwon so ne. Ya karanta wa sarki da sarauniya wasiƙar da yarima ya aiko mata, sannan ya kafa tarko da ita, shi da sarki suka laɓe suna saurare. Wannan fassara ta yi masa rana: ta nuna shi uba mai tarbiyya, bafade mai hangen nesa. Amma mai kallo ya san kuskure ce, domin asirin kisan tsohon sarki ne ke cin yarima.

Haukan gaske kuwa a gidan Poloniyus ya sauka. Bayan Hamlet ya kashe shi, Ofeliya ta fito a kashi na 4, fitowa ta 5, tana waƙe-waƙe. Sarki Kalaudiyus ya ce baƙin cikin mutuwar uba ne. Rabin gaskiya ke nan, domin waƙoƙin nata sun haɗa makokin mamaci da labarin budurwar da aka yi wa alkawarin aure aka yaudare ta. Abin da kunya da biyayya suka hana ta faɗa, hauka ya faɗe shi a tsakiyar fada. A bakin kabarinta ma sarauniya ta ce ta so a ce Ofeliya ta zama surukarta. Ashe ƙofar da uba ya rufe ba a kulle take ba.

3. Darasin Kurfai

A 1925, a Shikal kusa da Filinge, wasu sababbin iskoki suka hau kan wata mata mai suna Shibo, iskoki masu kwaikwayon sojoji da hukuman Faransa. Matasa suka bi ta, suka bijire wa Gado Namalaya, sarkin da Turawa suka ɗaure wa gindi. Kumandan Crocicchia ya tsare su a Yamai. Hausawa na kiran waɗannan iskoki Babule, amma sunan da ya zagaya duniya shi ne Hauka, musamman bayan fim ɗin Jean Rouch, Les Maîtres fous, na 1955. Masanin tarihi Finn Fuglestad, a 1975, ya karanta lamarin a matsayin tawayen talakawa.

Kamancin a fili yake: wanda aka hana magana da bakinsa yakan yi ta da wata murya, masu iko kuma su kira ta hauka don kada su amsa ta. Sai dai bambancin ya fi koyarwa. Muryar Shibo ta sami masu kiɗa da masu fassara, ta zama ta jama'a, har kumandan da ya tsare su ya koma iska a cikin ayarin, ana ce masa Mugu. Ofeliya ba ta da mai girka ta. An saurare ta da tausayi, ba a fahimce ta ba, ruwa ya ci ta, limami kuma ya taƙaita jana'izarta.

4. Kammalawa

Ba mu ce Ofeliya ƴar bori ce ba. Abin da muka ce shi ne, ɗalibin da ya tashi a Kurfai, wanda ya san auren dole da ikon uba kan ɗiya, yana da tambayar da zai shiga wasan da ita: kafin a nemi dalilin hauka, wa ya kira shi hauka, kuma me ya ci da wannan suna?