Sauyin Suna da Jigon Tuba a Tarihin Rayuwar Malcolm X

Gabatarwa

Littafin The Autobiography of Malcolm X ya fito a Amurka a 1965, watanni kaɗan bayan an harbe mai labarin a birnin New York ranar 21 ga Fabrairu na wannan shekara. Ɗan jarida Alex Haley ne ya rubuta shi daga hirarrakin da suka yi tsakanin 1963 da 1965. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa abin da ake iya ɗauka aibi ne a tsarin littafin, wato saɓanin da ke tsakanin farkonsa da ƙarshensa, shi ne tushen darajarsa.

Jigo

Babban jigon littafin shi ne tuba, kuma sunayen mai labarin su ne matakalarsa. An haife shi Malcolm Little a garin Omaha a 1925. Mahaifinsa mai wa'azin Kirista ne, mabiyin Marcus Garvey, wanda ya rasu a 1931, iyalinsa kuwa na zargin fararen fata masu wariya ne suka hallaka shi. Daga baya aka kai mahaifiyarsa asibitin masu taɓin hankali, 'ya'yanta suka watse. A makaranta, da yaron ya ce yana son zama lauya, malaminsa ya ba shi shawarar ya koyi kafinta saboda launin fatarsa. Daga nan ya faɗa bariki a Boston da Harlem, inda aka yi masa laƙabi da Detroit Red, har aka ɗaure shi a 1946 bisa laifin fasa gidaje.

A kurkuku ne ya kwafe ƙamus da hannunsa don ya koyi kalmomi, ya kuma karɓi aƙidar ƙungiyar Nation of Islam ta Elijah Muhammad, wadda ke koyar da cewa farar fata shaiɗan ne. Da ya fito a 1952 sai ya yar da sunan Little, domin sunan ubangijin bayi ne, ya sa harafin X a madadin sunan kakanninsa da bauta ta shafe. Tuba ta biyu ta zo a 1964, lokacin da ya bar ƙungiyar ya tafi aikin hajji, ya ga fari da baƙi suna ci a akushi ɗaya, suna salla a sahu ɗaya. Ya koma gida da sunan El-Hajj Malik El-Shabazz. A kan hanyarsa ya biya ta Ibadan, inda ɗalibai Musulmi suka raɗa masa Omowale, wato ɗa ya dawo gida.

Zubi da Tsari

An fara littafin ne mai labarin yana almajirin Elijah Muhammad, aka gama shi bayan sun raba gari. Haley ya bayyana a jawabinsa na ƙarshe cewa Malcolm ya so ya koma ya gyara babobin farko, shi kuwa ya roƙe shi ya bar su yadda suke. Saboda haka mai karatu yakan ji yabon malamin da cikakkiyar biyayya, sannan ya ji ɓacin ran almajirin, duk daga baki ɗaya. Da an gyara, da an sami labari mai santsi na wanda ya san ƙarshen tafiyarsa tun daga farko. Da aka bar shi, sai aka sami mutum yana sake ra'ayi a gaban idon mai karatu, kuma wannan ya fi kowace nasiha da ke cikin littafin ƙarfi.

Muryar Wa Ake Ji?

Duk da haka akwai abin lura. Labarin tuba yakan zuzuta duhun baya domin hasken gaba ya fito sosai. Masanin tarihi Manning Marable, a littafinsa na 2011, ya nuna cewa an ƙara gishiri a laifuffukan zamanin Detroit Red. Bugu da ƙari, an cire wasu babobi, kuma Malcolm bai rayu ya ga bugun ƙarshe ba, ga shi ra'ayin siyasar Haley ya sha bamban da nasa. Manazarta adabin Hausa sun san irin wannan matsala daga Baba of Karo na 1954, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin Baba: mai rayuwa daban, mai riƙe da alƙalami daban.

Kammalawa

Bai kamata a karanta littafin a matsayin kundin tarihi wanda ba ya kuskure ba. Shaida ce ta mutumin da ya yarda ya ce ya yi kuskure a bainar jama'a, alhali ya san abin da hakan zai jawo masa. Malamin da zai koyar da shi ya dace ya sa ɗalibai su gwama babobin farko da na hajji, su kuma tambayi inda muryar Malcolm ta tsaya, ta Haley ta fara.