Gwaji ko Magani? Sharhi a Kan Binciken Trovan na Kano da Hujjojin da Aka Kafa Game da Shi

1.0 Gabatarwa

Mai yiwuwa wani ya yi mamakin ganin batun likitanci a taron da akasarin mahalartansa malaman harshe ne. Dalilina shi ne, akwai wani yanki na wannan batu da ya faɗo cikin gonarmu, mu kuwa muka bar shi ba mu nome ba. Takardar nan za ta dubi gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer na Amurka ya yi a kan yara a Kano cikin 1996, tare da hujjojin masu kare shi da na masu sukarsa. A ganina duka ɓangarorin biyu sun shagala da ƙidayar mamata da ƙidayar kuɗi, suka tsallake tambayar da ta fi nauyi, watau da wace kalma aka gaya wa uwar yaro abin da za a yi wa ɗanta.

2.0 Abin da ya auku

Ƙasar Hausa tana tsakiyar yankin nan da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda sanƙarau kan taso da rani ya lafa da saukar damina. Annobar 1996 ta yi muni ƙwarai. A Nijeriya kaɗai mutum fiye da 100,000 suka kamu, kimanin 12,000 suka rasu, ga kuma ƙyanda da kwalara sun haɗu da ita a Kano. Cikin wannan hali ne, a watan Afrilu, ma'aikatan Pfizer suka sauka a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa, wanda Kanawa suka fi sani da Asibitin Zana. A nan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta riga ta kafa sansani tana yi wa marasa lafiya allurar kuloramfenikol, wadda aka daɗe da sanin aikinta.

Yara wajen 200 aka ɗauka, aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya aka ba su Trovan, wanda a lokacin ba a ba da iznin sayar da shi ba ko a Amurka. Ɗaya kashin aka yi musu allurar seftiriyazon, amma da awon da ya gaza wanda aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, 5 daga kashin farko, 6 daga na biyu. Bayan 'yan makonni masu binciken suka koma gida, annoba tana ci gaba da aikinta. Duniya ba ta san labarin sosai ba sai a Disambar 2000, da jaridar Washington Post ta buga shi. Daga bisani ta bayyana cewa takardar iznin kwamitin ɗa'a da aka dogara da ita an rubuta ta ne bayan an gama aikin, aka mayar da kwanan watanta baya. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2001 ya sami gwajin da saɓa wa doka, amma rahotonsa bai fito fili ba sai 2006.

3.0 Hujjar lissafi

Babbar garkuwar kamfanin ita ce lissafi. Ya ce kashi 94 cikin 100 na yaran sun rayu, kuma waɗanda suka sha Trovan ba su fi sauran mutuwa ba. Wannan hujja tana da rauni ta fuska biyu. Da farko, duk wanda ya ɗan taɓa ilmin ƙididdiga ya san cewa bambancin 5 da 6 cikin yara 200 ba ya tabbatar da komai. Na biyu, idan aka rage ƙarfin maganin da ake aunawa da shi, to, ma'aunin kansa ya karkata, kamar a sa gurgun doki sukuwa da wanda ake son sayarwa. Kamfanin ya ce an rage awon ne don sauƙaƙa wa yara zafin allura, kuma abin da aka bayar ya wadatar. Ko da an karɓi wannan uzuri, sakamakon ba zai zama abin dogaro kamar yadda aka nuna ba.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi raunin masu suka su ma. Sau da yawa akan ji ana cewa Trovan ne ya kashe yaran nan 11, ya kurmantar da wasu, ya shanye wa wasu jiki. Shida daga cikin mamatan ba su ko ɗanɗana shi ba. Sanƙarau da kansa yana kisa, yana kuma barin kurumta da taɓin ƙwaƙwalwa ga waɗanda suka tsira. Gaskiya ne a 1999 an taƙaita amfani da Trovan a Amurka, aka dakatar da shi a Turai, saboda illar da yake yi wa hanta, amma wannan wata magana ce dabam. Haka kuma neman maganin da za a haɗiya maimakon allura, a wurin da ma'aikata suka yi ƙaranci, buri ne mai ma'ana. Wanda ya jingina dukkan ƙararsa a kan cewa maganin guba ne, ya ba abokin shari'arsa hanyar kuɓuta, domin da zarar an nuna masa alƙaluma sai bakinsa ya mutu. Laifin yana nan daram ko da a ce babu yaron da ya rasu.

4.0 Maganar da aka yi a bakin ƙofa

Tun daga ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964, sharaɗin farko na bincike a jikin ɗan Adam shi ne amincewar mai jikin, ko ta waliyyinsa, bayan an fahimtar da shi. Pfizer bai fito da takardun sa hannun iyaye ba. Abin da ya ce shi ne, ma'aikatan jinya 'yan ƙasa sun yi wa iyayen bayani da Hausa, suka amince da baki. Iyayen da suka kai ƙara sun ce ba su san gwaji ake yi ba, kuma ba a gaya musu akwai sanannen magani kyauta a cikin harabar asibitin ba. Masu rubutu sukan tsaya a nan, su ce lalle ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi. Ni kuwa ina ganin yana yiwuwa a yi bayani da Hausa, a ji kowace kalma, a tashi ba a fahimci komai ba.

Mu ɗauki kalmar gwaji. A Hausar asibiti, gwaji shi ne na jini, ko na fitsari, ko na majina, watau abin da ake yi don a gano cutar kafin a ba da magani. Idan ma'aikaciyar jinya ta ce wa uwa za a yi wa ɗanta gwaji, ba ta yi ƙarya ba, amma abin da uwar za ta ji shi ne za a duba shi da kyau. Bincike ma haka yake, likita ne zai bincika ya gano abin da ke damun yaro. In kuwa aka ce sabon magani ne aka kawo daga Amurka, to, an yi masa kirari ke nan. A kunnen Bature mai ilmin likitanci, sabo yana nufin wanda ba a tabbatar da shi ba. A kunnen wadda ta goyo ɗanta daga ƙauye wuyansa a sandare, sabo yana nufin wanda ya fi na da.

Mafi wuyar duka shi ne yadda ake raba yaran gida biyu. A irin wannan bincike likita ba ya zaɓar wa yaro magani gwargwadon halin da ya gan shi a ciki. Tsari ne irin na ƙuri'a yake yanke wanda zai sha wannan da wanda za a yi wa wancan. Hausa ba ta rasa kalmar ba, ga ta nan, ƙuri'a. Amma a gwada faɗa wa mahaifi cewa ƙuri'a za a jefa a kan maganin ɗansa, a ga ko ba zai saɓi yaron ya nufi ɗaya rumfar ba. Wannan ya sa nake shakkar duk wani bayanin baki da ake cewa an yi cikin gaggawa, domin fassarar da ta fi gaskiya ita ce wadda ta fi korar mutane, mai fassara kuwa ya san abin da waɗanda suka sa shi suke bukata.

Sa'an nan ga amsar kanta. Bahaushe yakan ce “to” don ya nuna ya ji, ko don ladabi, ko don a rabu lafiya. Tsakanin “na ji” da “na yarda” akwai tafiya. Mace a gaban likita, balle baƙo farar fata, a zamanin mulkin soja, da wuya ta ce a'a, kuma a al'adance ma yanke irin wannan shawara na maigida ne, wanda wataƙila yana can gida ko kasuwa. Game da cewa iyayen ba su iya karatu ba, sai in ce a Kano ake magana, garin da aka yi ƙarnoni ana rubuta wasiƙu da lissafin fatauci da ajami. Rashin boko ba ya hana a rubuta takarda shafi guda da ajami, wani malami ya karanta, a dangwala yatsa a gaban shaidu.

5.0 Abin da ya biyo baya

A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna, Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004, cutar kuwa ta bazu har Yaman da Indonesiya. Dalilan ƙin suna da yawa, ciki har da jita-jitar hana haihuwa da siyasar duniya ta wancan lokaci, amma sunan Trovan yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. A 2009 kamfanin ya sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba, aka fara biyan iyalai a 2011, bayan an sharɗanta musu gwajin ƙwayoyin halitta don tantance masu haƙƙi. Wasu suka ƙi. Kalmar gwaji ta riga ta sake ma'ana a kunnensu.

Kada a ɗauka ina kiran a daina bincike a kan yara. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta kusan kawar da nau'in sanƙarau da ya yi ɓarnar 1996, kuma sai da aka gwada ta a jikin yaran Afirka ta Yamma kafin a yarda da ita. Nijeriya ma ta kafa ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya a 2007. Amma ƙa'ida tana cewa ne a fahimtar da mutum, ba ta ƙirƙira kalmomin da za a fahimtar da shi da su.

Na taɓa ba ɗalibaina aikin mayar da irin wannan takardar amincewa zuwa Hausa. Galibinsu suka rubuta “za a yi wa yaronka gwaji”, suka wuce. Wata ɗaliba ce ta rubuta: “Maganin nan shi ake gwadawa, ba a san ko yana aiki ga yara ba tukuna, kuma in kin ƙi, za a ba ɗanki wanda aka saba bayarwa.” Na tambayi ajin ko akwai wanda zai sa hannu in ɗansa ne a kwance. Aka daɗe ana gardama, har lokacin darasi ya ƙare ba a kai ga jimlar ƙuri'a ba.